Shinkafar Kwarin Rima da Kasuwar Duniya: Tarihin Wata Sana'a a Ƙasar Kabi

Dunƙulewar duniya, wato yadda kasuwanni da jari da fasaha da manufofin gwamnatoci suke ƙara sarƙewa da juna har abin da aka zartar a wata nahiya ya taɓa tukunyar mutumin da ke wata, batu ne da aka saba tattauna shi da misalan manyan birane da tashoshin jiragen ruwa, alhali ana iya karanta tarihinsa dalla-dalla a fadamar da ta shimfiɗu tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Wannan fadama, wadda Gulbin Kabi yake malale ta kowace damina bayan kogin Rima da na Sakkwato sun haɗu, ta daɗe a cikin harkar fatauci mai nisan zango, saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa jiya-jiya duniya ta iske ta. Abin da ya sauya tun shigowar Turawa shi ne inda ake yanke shawara a kan abubuwa biyu da rayuwar manomin shinkafa ta rataya a kansu, wato ruwa da farashi. A da ruwan yana bin damina ne, farashin kuma yana bin kasuwannin Jega da Argungu da Birnin Kebbi, amma a yau ruwan yana bin ƙofar madatsa da kuɗin fetur, farashin kuma yana bin abin da aka ƙulla a Abuja da Kwatano da Delhi.

Shinkafar da Kabawa suka gada ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Jinsi ce mai jan ɓawo wadda masana tsirrai suke kira Oryza glaberrima, kuma an yi ittifaƙi cewa a yankin kogin Kwara ne, a ƙasar Mali ta yau, aka fara noma ta shekaru dubbai da suka wuce, tun kafin jiragen Turawan Fotugal su kawo farar shinkafar Asiya gaɓar teku a ƙarni na 16. Nomanta a Gulbin Kabi aiki ne na lissafin lokaci. Manomi yakan kafce baƙar laka tun da rani, lokacin da ta bushe ta tsattsage, ya watsa iri da saukar ruwan farko, domin tsiron ya yi ƙarfi kafin ambaliya ta iso. Idan ruwan gulbi ya taso a hankali, karan shinkafar yakan yi ta miƙewa tare da shi har ya zarce tsayin mutum, idan kuwa ya zo da wuri ko da ƙarfi, sai ya nutsar da gonar baki ɗaya. Bayan ruwa ya janye ake yanka, a wasu wuraren ma daga cikin kwalekwale, sannan mata su karɓi aikin gumi, wato jiƙa shanshera, shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, a turara ta a tukunya, a shanya ta a tabarma, a sussuke a turmi. Ambaliyar da ke rayar da shinkafa ita ce kuma take cika tafkuna da kifi, ta bar wa makiyaya ɗanyar ciyawa da rani, shi ya sa noma da su da kiwo suka zama tsari ɗaya a kwarin, kowanne yana jiran lokacinsa a kan fili guda.

A kan wannan wadata Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi wajen shekarar 1516, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, ya gina Surame wadda ganuwarta ta duwatsu take nan har yau. Ƙarfin daular bai tsaya ga rumbu ba, domin Kabi ta zauna a mahaɗar hanyoyi: ta arewa zuwa Agadas da Sahara, ta yamma zuwa Gao da Tumbutu, da ta kudu maso yamma wadda fatake suke bi ta Borgu zuwa Gwanja don sayo goro. Gishirin kwarin Foga, da tufafin Kano, da dawaki, da bayi, duk sun ratsa wannan ƙasa, kuma kuɗin wuri da ake ciniki da shi daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya yake fitowa, ya biyo ta hannun 'yan kasuwar Larabawa, daga baya ta jiragen Turawa. Abin lura a nan shi ne cewa sarautar Kabi ita ce take karɓar fito da kuɗin hanya daga masu wucewa, wato tana cin ribar cuɗanyarta da duniya ba tare da abincin talakawanta ya dogara ga wata kasuwa ta nesa ba. An mayar da gadon sarauta Birnin Kebbi a farkon ƙarni na 18, mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci birnin a 1805, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka koma Argungu, daga 1849 kuma Yakubu Nabame ya sake tayar da yaƙin neman 'yanci tare da Arawa da Zabarmawa da Dandawa. Ko a cikin wannan doguwar gaba fatauci bai mutu ba, kasuwar Jega ma a lokacin ta bunƙasa, kuma Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta aiko, wanda ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya rubuta labarin gonakin shinkafa na kwarin da masu dafa gishiri a Foga.

Mulkin mallaka ya yi wa wannan tsari illa ta hanyoyi biyu waɗanda ba su da alaƙa da noma kai tsaye. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun ja iyaka ta tsakiyar ƙawancen da Nabame ya haɗa, Dosso da Gaya da Dogon Dutse suka faɗa hannun Faransa, Argungu da Kamba suka faɗa hannun Ingila, ta yadda kai gishiri ko hatsi kasuwar da kakanni suka saba ci ya koma laifin da ake kira fasa-ƙwauri. Sannan layin dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, amma bai taɓa zuwa Kabi ba, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko da jirgin ƙasa zuwa Kano, ayarin jakuna na hanyar Gwanja ya yi ta raguwa har ya ƙare. Ƙasar da take mahaɗa ta wayi gari a gefen taswira. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a sifarsa ta yanzu a 1934 don karrama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ziyarar da ta rufe babin gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, shi ne kusan kaɗai abin da ya riƙa kai sunan yankin waje, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Sai dai masu gora da homa da ke faɗawa kogin Matan Fada rana ɗaya a shekara ba su ne ma'aunin tattalin arzikin kwarin ba.

Hankalin hukuma ya dawo kan shinkafar Kabi ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Japan ta mamaye ƙasar Bama a 1942 ta toshe shinkafar Asiya, Turawan mulki suka matsa a ƙara noma abinci don sojoji da leburorin haƙar kuza. Daga nan aka shiga gwajin huɗar fadama da tarakta a lardin Sakkwato, aka buɗe cibiyar binciken shinkafa a Badeggi a 1953, aka yi mata reshe a Birnin Kebbi domin shinkafar zurfin ruwa, irin Asiya ya fara maye gurbin jar shinkafar gado. Wannan ne karo na farko da wani yaƙi a ƙarshen duniya ya tsara abin da za a shuka a fadamar Rima, kuma ba shi ne na ƙarshe ba.

Babban juyi ya zo da kuɗin man fetur bayan 1973. Darajar naira ta hau, sayo abinci daga waje ya fi noma shi araha, shinkafar da Nijeriya take shigowa da ita ta tashi daga 'yan dubban tan a farkon shekarun 1970 zuwa ɗaruruwan dubbai kafin ƙarshensu, har gwamnatin Shehu Shagari ta kafa kwamiti na musamman kan shigo da shinkafa ƙarƙashin Umaru Dikko. A kasuwannin arewa aka raba shinkafa gida biyu, 'yar gwamnati da 'yar Hausa, kuma ta farkon, mai dogon ƙwaya wadda ba tsakuwa a cikinta, ta zama abincin biki da na gidan ma'aikaci, ta biyun kuwa ta zama wadda sai an zauna an tsince an rege. Sauyin ɗanɗano irin wannan ya fi kowace dokar kwastan daɗewa, domin ko bayan kuɗin man ya ƙare, matar gida a birni ba ta manta da sauƙin da ta ɗanɗana ba. Da kuɗin man ne kuma aka gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, da ta Goronyo a kan Rima wadda aka gama a 1984. An fi tunawa da Bakolori saboda kisan da 'yan sanda suka yi wa manoman da suka yi bore kan diyyar gonakinsu a watan Afrilun 1980, amma ɓarnar da ta yi a ƙasa da madatsar, duk da ba ta da amo, ta fi faɗi: binciken wani masani, William Adams, ya nuna cewa ambaliya ta ragu a zurfi da faɗi, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya. Tun daga lokacin, manomin Gulbin Kabi yana duban sama yana kuma sauraron labarin ranar da za a buɗe ƙofar Goronyo, kamar yadda ambaliyar da aka yi a 2010 ta tuna wa kowa.

Gwamnatin Ibrahim Babangida ta haramta shigo da shinkafa a 1985, a shekara mai bi kuma ta ɗauki shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, wanda ya karya darajar naira, ya rushe hukumomin sayen amfanin gona, bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Haramcin ya kai 1995, shekarar da Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, sannan aka maye gurbinsa da haraji mai hawa da sauka. Amma abin da ya fi sauya fuskar kwarin a wannan zamani ƙaramin abu ne mai araha. Ayyukan raya noma na Bankin Duniya, musamman shirin Fadama na farko da ya gudana daga 1993 zuwa 1999 wanda Kebbi take cikin jihohin da aka fara da su, sun yaɗa dabarar soka bututu 'yan mitoci cikin yashin fadama a ɗora masa ƙaramin injin fetur. Ruwan ƙarƙashin fadamar Rima kusa yake, saboda haka manomi mai kadada ɗaya ya samu ikon yin noman rani ba tare da jiran wata hukuma ba, jigo ya ɓace, aka koma dashe maimakon watse, irin FARO 44 wanda asalinsa daga Taiwan ne, manoma kuma suke ce masa Sipi, ya mamaye gonaki domin yana nuna cikin wata huɗu. Wanda ya tsaya a bakin tudun Dukku cikin watan Maris zai ga fadama kore shar a tsakiyar rani, ya ji ƙarar ɗaruruwan injuna, kowanne da yaro a gefensa riƙe da jarkar mai. Manomi ya kuɓuta daga jiran ambaliya, sai dai injin daga Japan ko Sin yake zuwa, man da yake sha a wancan lokaci akasari daga matatun waje ake shigo da shi, sabon irin kuma ba ya yi sai da takin zamani da maganin feshi.

Ƙirƙiro jihar Kebbi a ranar 27 ga Agustan 1991 ya mayar da Birnin Kebbi garin ma'aikata, unguwanni irin su Gesse suka cika da rukunin gidaje, kuma a irin waɗannan gidaje ne buhun shinkafar Tailan ya samu mazauni, nisan tafiyar 'yan mintoci daga fadamar da ke noma tata. Yadda buhun yake isowa shi kansa darasi ne a kan iyakar ƙarfin hukuma. Jamhuriyar Benin ta gina wani ɓangare na kuɗin shigarta a kan karɓar kaya a tashar Kwatano da ƙaramin haraji don a sake fitar da su, kuma turararriyar shinkafar Tailan da Indiya da take saukewa ta ninka abin da mutanenta suke ci, domin Nijeriya ake nufi da ita. Duk lokacin da Abuja ta ɗaga haraji, kamar a 2013 da ya kai kashi 110 cikin 100, sai ribar zagaye ta ƙaru: manyan motoci su hauro arewa zuwa Malanbil da Gaya, daga nan kwalekwale da babura su rarraba kayan ta Lolo da Dole Kaina da Kamba, babur ɗaya ɗauke da buhuna da yawa yana bin hanyar daji da dare. Masu wannan aiki Dandawa ne da Zabarmawa da Hausawa waɗanda danginsu suke kowane ɓangare na iyakar, kuma a idonsu hanyar kakanninsu suke bi. Iyakar da ta kashe fataucin da, ita ce ta zama jarin fataucin yanzu.

Faɗuwar farashin ɗanyen mai a 2014 ta sa gwamnati ta sake juyowa gida. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da kaya 41, ciki har da shinkafa, samun dala daga hannunsa, a ranar 17 ga Nuwamban shekarar kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi, tsarin da ake ba manomi bashin iri da taki da kuɗin aiki, ya biya da shanshera ta hannun kamfanin casa da aka haɗa shi da shi. Manoma fiye da 70,000 suka shiga zagayen farko a jihar. A Disambar 2016 gwamnatocin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar Lake Rice, a Agustan 2017 aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu mai iya sarrafa tan 120,000 a shekara, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Ba za a musanta cewa kuɗi sun shiga ƙauyuka ba, an yi gine-gine, an sayi babura, an tafi Makka, matasa da dama da kan tafi cin rani kudu suka tsaya gida. Amma rabon bai zo daidai ba. Filin fadama ya yi tsada, ma'aikata da 'yan siyasa suka shigo noma da jarinsu, makiyayi ya tarar da mashayarsa da makiyayarsa ta rani sun zama gona, matan da gumi ya kasance jarinsu tun kaka da kakanni kuma suka samu kansu suna takarar sayen shanshera da dillalan masana'antu masu biya nan take da tirela a bakin kasuwa.

An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka fara buɗe wasu a Disambar 2020, ta Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Rufewar ta ɗaga farashin shanshera, ta kuma durƙusar da halastaccen cinikin dabbobi da albasa da hatsi na garuruwan iyaka. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa da aka ƙiyasta sun kai hekta 450,000 a jihar, bashi ya maƙale a wuyan manoma da yawa, wasu kuma tun farko sun ɗauke shi a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya na bashin shirin a faɗin ƙasa, Babban Banki ya ce ya haura kashi 50, kuma kafin shekarar ta ƙare sabon shugabancin bankin ya janye daga irin wannan tallafi.

Shekarun da suka biyo baya sun fallasa yadda kariyar da aka gina ta dogara ga abin da ake neman kariya daga gare shi. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya tsauwala farashin taki, domin sinadaran da ake haɗa shi da su daga Maroko da Rasha da makamantansu ake sayo su. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka kuɗin ban-ruwa cikin 'yan kwanaki, har manoma suka riƙa mayar da injunansu masu amfani da iskar gas ta girki, masu hali kuma suka koma ga faifan hasken rana, wanda shi ma daga Sin ake kawo shi. A Yulin 2023 Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta taƙaita fitarwa, juyin mulkin Nijar na 26 ga watan kuma ya sa aka sake rufe iyakar arewa har zuwa Maris 2024. Buhu mai kilo 50 ya doshi naira 100,000 a wasu kasuwanni, gwamnati ta amsa kukan birane a Yulin 2024 da dakatar da haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci, ciki har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, Indiya ta sassauta takunkuminta, a 2025 farashi ya faɗo. Mazaunin Gesse mai albashi ya samu sauƙi, manomin da ya sayi taki da mai a kan tsohon lissafi kuwa ya sayar da shanshera da ƙyar ya mayar da uwar kuɗi. An gudu ba a tsira ba.

Idan aka auna wannan tarihi gaba ɗaya, shinkafar Tailan da Indiya ba ita ce ta fi cutar da manomin Kabi ba, domin ya nuna sau da yawa cewa yana karɓar sabon iri da sabon inji da sabuwar kasuwa da sauri idan lissafi ya fita. Abin da ya fi cutar da shi shi ne hukumar da take buɗe ƙofa ta rufe gwargwadon farashin ɗanyen mai da kukan birane, ta haramta a 1985, ta halatta a 1995, ta toshe a 2015 da 2019, ta sassauta a 2024, ba tare da ta rage masa tsadar abin da yake kashewa kafin ya samu buhu ɗaya ba. Ƙasashen Asiya da suke cin kasuwarsa sun kai matsayinsu ne da magudanan ruwa da bincike da manufa mai ɗorewa na shekaru masu yawa. Aikin ban-ruwa na Zauro, wanda aka tsara tun ƙarshen shekarun 1960 don kare fadama fiye da hekta 10,000 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi daga ambaliya a kuma shayar da ita da rani, ya shafe shekaru masu yawa bai wuce ɗan filin gwaji ba.